Fitilar da Mahamadou Ya Ƙi Sayarwa

Akwai wani direba a Agege mai suna Hashimu. A nan aka haife shi, a unguwar Zango, inda mahaifinsa ya sauka daga ƙasar Kano don fataucin goro. Shi bai gaji fatauci ba, sitiyari ya kama. Shekara ashirin da biyu yana yi wa Alhaji Ɗahiru tuƙi, wani babban dillalin goro, kuma motar da ke hannunsa Hilux ce mai jan ƙafa huɗu, irin wadda ake shiga daji da ita.

Aikinsa ba na kan kwalta ba ne. Yakan fita kafin asuba, ya yi salla a garin Ifo, sannan ya saki titi ya faɗa hanyoyin gona. Hanyoyi ne na jan laka da saiwoyi, bishiyoyi sun rufe samansu, har gari ya waye can ciki da sauran duhu. Yakan kwaso goro daga hannun manoma ya dawo da shi Agege, wani lokaci sai bayan magariba.

Direbobi suna kiransa Idon Mikiya. Sun ce yana hango rami tun ramin bai san da zuwansa ba. Yana jin daɗin sunan ƙwarai, har ya sa an rubuta shi a bayan motar.

Amma kusan shekara guda ke nan hanya ta soma yi masa duhu.

Da farko ya ce ƙwan fitilar ne ya tsufa, aka canja. Ya ce sabon jabu ne, aka sake canjawa. Ya sa aka goge gilashin fitilun har suna ƙyalli. Duk da haka, idan ya shiga ƙarƙashin bishiyoyi sai ya ga kamar an shafa wa gilashin gaba koko.

Wata safiya a farkon damina, saura ƙiris ya take wani tsoho mai tura keke. Bai gan shi ba sai da tsohon ya yar da keken ya faɗa cikin ciyawa. Ba wanda ya ji rauni, kuma ba wanda ya gani. Hashimu ya ba shi haƙuri ya wuce.

Ya san halin Alhaji Ɗahiru. Mutum ne mai kirki, amma ba ya wasa da ran mutane, kuma ya taɓa karɓe makulli daga hannun direba don kawai ya gan shi yana gyangyaɗi. Hashimu ya haura hamsin, yana da iyali, kuma ban da tuƙi bai iya komai ba. Don haka abin da ya faɗa wa Alhaji shi ne motar tana bukatar ƙarin fitilu irin na zamani, na LED, saboda hanyar daji. Alhaji ya amince, ya ce ya je wurin Mahamadou.

Mahamadou mutumin Damagaram ne, mai aikin wutar mota. Rumfarsa tana gefen layin dogo, kusa da teburin wani ɗan ƙasarsu mai shayi da ake kira Abdou. Ba shi da yawan magana, sai dai idan Bakano ya shigo hannunsa, don kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa.

Da la'asar Hashimu ya isa. Bai ko zauna ba ya nuna wata doguwar sandar fitila da ke rataye a bango, tsawonta ya kai faɗin rufin mota, ya ce ita yake so a ɗora masa a sama.

Mahamadou ya ce, "Bakano ke nan. Da ya shiga kasuwa, abin da ya fi girma yake nema, ko da ba zai shiga ƙofar gidansa ba. Zauna tukuna, shofer." Haka suke kiran direba a ƙasarsu.

Ya jawo masa benci ya shiga yi masa tambayoyi. Wace hanya yake bi, da wane lokaci, kuma da wane gudu. Ko akwai masu tafiya a ƙasa. Ko hazo yana sauka a wurin da damina.

Sannan ya baje masa kayan a kan tabarma yana bayani. Akwai mai harba haske nesa kamar mashi, ta mai gudu ce a fili, ba ta da amfani a hanyar da ke lanƙwasa kowane taku hamsin. Akwai mai baza haske gefe da gefe, wadda ke nuna bakin hanya da abin da ke shirin fitowa daga ciyawa. Akwai ƙanana masu ruwan ɗorawa, waɗanda ake kafawa ƙasa-ƙasa a jikin bamba, su ne ke ratsa hazo da ruwan sama. Ita kuwa doguwar, ya ce idan aka ɗora ta a rufi haskenta yakan daki murfin inji ya dawo idon direba, kuma a cikin hazo bango take ginawa a gabanka.

Hashimu ya ce shi dai ba karatu ya zo ɗauka ba. A ba shi wadda ta fi kowacce haske.

Mahamadou ya ce to, amma ya san ƙa'idar rumfar.

Duk direban Agege ya san ta. Mahamadou ba ya ɗaura wa mota ƙarin fitila sai mai motar ya tsaya a gabanta. Idan an yi magariba, sai ya haɗa fitilar da batir a lungun bayan rumfa, mutum ya yi taku talatin ya juyo ya fuskance ta. A kunna, a ƙirga goma, a kashe, sannan ya tako ya dawo. An ce ya soma haka ne tun da wata mota ta dalle wa yayansa ido a hanyar Badagry, ya faɗa rami da babur. Yakan ce wanda zai haska mutane, ya fara ɗanɗana abin da zai ba su.

Yawancin direbobi sukan yi tangaɗi taku biyu ko uku, su yi dariya, su ce a sunkuyar da ita ƙasa kaɗan. Shi ke nan.

Bayan sun idar da salla, Hashimu ya yi takunsa talatin ya juyo. Mutum huɗu ko biyar da ke shan shayi wurin Abdou suka juyo kallo. Mahamadou bai fara da babbar ba. Ya kunna ɗaya daga cikin ƙananan, mafi rauni a cikinsu.

Abin da Hashimu ya gani ba fitila ba ce. Gaba ɗaya lungun ne ya zama fari fat, kamar an watsa masa nono a fuska. Babu rumfa, babu mota, babu mutane.

Aka ƙirga goma aka kashe. Farin bai tafi ba. Ya tsaya yana jira, yana jin ƙarar cokalin Abdou a cikin kofi, yana jin jirgin ƙasa daga nesa. Da ya ga shirun ya yi yawa, sai ya ɗaga ƙafa ya nufi inda yake zaton motar take. A taku na huɗu ƙafarsa ta zurma cikin kwata.

Masu shayi suka fashe da dariya. Abdou ya ce yau mikiya ta sauka shan ruwa.

Mahamadou ya riga kowa isa wurinsa. Ya kama hannunsa ya ɗago shi, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, laifinsa ne da bai rufe kwatar ba, kuma dama ta saba cin Kanawa, wannan ne na uku a watan nan. Aka sake yin dariya, magana ta wuce. Amma bai saki hannun ba har sai da ya kai shi cikin rumfa ya zaunar da shi, ya sauke labulen buhu.

Ya kawo masa ruwa ya wanke ƙafa. Sannan ya nemi izini, ya kunna tocilan ɗin wayarsa, ya haska idon Hashimu ta gefe. Ya daɗe yana dubawa, dama da hagu.

Ya ce, a hankali, "Malam Hashimu, duhun nan ba a hanya yake ba. Akwai fari a cikin baƙin idonka, duka biyun. Irinsa na gani a idon mahaifiyata. Yanar ido ce."

Hashimu ya ce shi idonsa lafiya lau, gajiya ce kawai.

Mahamadou ya ce shi ba likita ba ne, yana iya yin kuskure, amma likita ba zai yi ba. Ya ce an yi wa mahaifiyarsa aiki a nan Legas, yanzu ita ke zura zare a allura da kanta. Ya ce mai yana, duk yadda aka ƙara masa haske haka yake ƙara makancewa, don hasken watsewa yake a cikin idon.

"Ba zan sayar maka da fitila ba. Ko babba ko ƙarama. In na ɗaura maka, ka taka wani, da hannuna a ciki."

Ran Hashimu ya ɓaci. Ya miƙe ya ce shekararsa talatin yana tuƙi tun Mahamadou bai san hanyar Legas ba, kuma bai zo wurin mai murɗa waya don a duba masa ido ba. Ya faɗi wasu maganganun da ba na wasan Kanawa da Damagarawa ba ne. Abin da Mahamadou ya ce kawai shi ne maganar ba za ta fita daga rumfar ba, ko Alhaji ba zai ji daga bakinsa ba, amma yana roƙonsa don Allah ya daina shiga daji da duhu.

Washegari Hashimu ya tafi wata kasuwar kayan mota. Can ba wanda ya tambaye shi hanyar da yake bi. Suka ce masa oga, suka ɗaura masa doguwar sandar a kan rufi cikin awa guda. Da ya dawo Zango yara suka kewaye motar suna kallo.

Kwana biyu bayan haka ya yi asuba a Ifo kamar kullum. An kwana ana ruwa, ya ɗauke gab da kiran salla. Da ya saki kwalta ya gangara wani kwari da ke kaiwa gonakin goro, sai ya tarar hazo ya kwanta a ciki. Ya kai hannu ya kunna sabuwar fitilar.

Nan take duniya ta ɓace. Murfin injin ya ɗauki haske yana watso masa, hazon ya zama farin bango tun daga ƙasa har sama. Ko bishiya ɗaya bai gani ba. Ya yi tafiyar da ba ta wuce tsawon mota uku ba, a kan sanin hanya kawai, sai wani abu a ƙirjinsa ya ce masa ya tsaya. Ya taka birki.

Yana zaune yana murza ido, sai ya ji ana ƙwanƙwasa gilashin gefensa. Ya sauke. Muryar wata dattijuwa ce, da Yarbanci. Ta ce, "Baba, don Allah kashe wutar nan. Ba ma ganin inda za mu sa ƙafa."

Ya kashe.

Sai ya ji su. Takun silifa a cikin laka, ta dama da ta hagu, suna goga jikin motar suna wucewa. Mata ne masu kai kaya bakin titi, da kwanduna a ka. Yana jin ƙarar kwandunan, yana jin numfashinsu. Wani jariri ya yi tari a bayan uwarsa. Wata ta gaishe shi, wata ta yi masa addu'ar sauka lafiya, don sun san motar.

Ya shiga ƙirga su da kunne. Ya kai goma sha tara.

Hanyar ba ta fi faɗin motar ba sai da kaɗan. Suna tsakiyarta suke tahowa, a daidai inda zai bi, kuma da fitilar da ta fi kowacce haske a kasuwa bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Bai san abin da ya sa ƙafarsa ta taka birki ba. Ya kifa kansa a kan sitiyari yana maimaita sunan Allah, bai motsa ba sai da rana ta fito ta kore hazon.

A daren ranar, bayan sun ci abinci, ya faɗa wa matarsa Fareeda komai. Ya zaci za ta firgita. Sai ta ce ta sani tun azumin bara. Ta ga yana zuba shayi a gefen kofi, ta ga ya wuce ƙaninta a ƙofar masallaci bai gane shi ba. Shi ya sa ta hana yara matsar da kujeru, kuma take ajiye masa buta da takalmi a wuri ɗaya kullum. Ta ce sau uku tana ɗauko maganar, tana ganin yadda yake ji da sunan nan da aka rubuta a bayan mota, sai ta mayar da ita ciki. Kowace asuba in ya fita ba ta komawa barci.



Da safe ya ɗauki makullin motar ya tafi shagon Alhaji Ɗahiru da ƙafa. Ya same shi a cikin huhunan goro ana yayyafa musu ruwa. Ya durƙusa ya ajiye makullin a gabansa, ya faɗi maganar tsohon mai keke, da ta rumfar Mahamadou, da ta matan kwari. Bai rage komai ba.

Alhaji ya daɗe yana kallon makullin. Sannan ya ɗauka ya sa a aljihu. Ya ce goro ba ya jiran kowa, gobe zai ba wani motar. Ya ce Hashimu ya je ya nemi lafiya. Bai ce masa in ya warke ya dawo ba, shi kuma bai tambaya ba.

Daga nan ya wuce gefen layin dogo. Ya tsaya a bakin rumfa ya yi sallama, ya soma ba da haƙuri. Mahamadou ya katse shi, ya ce in Bakano ya fara ba Badamagare haƙuri to duniya ta zo ƙarshe, ya bari kawai. Mahamadou ya rufe rumfarsa ranar Talata, ranar aiki, ya raka shi asibitin idon da aka yi wa mahaifiyarsa aiki, don ya san ƙofofin wurin.

Likita ta tabbatar yanar ido ce, kuma ta nuna sosai. Hashimu ya ji tsoro, don tun yana yaro yake jin ana cewa idon da wuƙa ta taɓa ba ya komawa daidai. Amma ya sa hannu. Aka fara da na dama. Aikin bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba.

Washegari aka cire masa bandeji.

Abin da ya fara gani shi ne mayafin Fareeda. Kusan shekara guda yana ganin mayafin nan a matsayin ruwan ƙasa. Ashe shuɗi ne, shuɗi mai zurfi, da ƙananan furanni farare a bakinsa. Ya ɗaga ido ya ga fuskarta, da 'yan layukan da suka fito a gefen idonta waɗanda bai san da su ba. Ya dubi tafin hannunsa ya ga kowane zane. Ta taga ya hango wata bishiyar mangwaro, ya ga ashe ganye ɗaya-ɗaya ne, ba dunƙulen kore ba.

Ya rufe sabon idon ya duba da na hagu, sai ɗakin ya koma ruwan shayi. Ya buɗe, ya sake rufewa. A cikin wannan ruwan shayin ya yi shekara yana ɗaukar mota yana shiga cikin mutane.

Likita ta tambaye shi ko yana jin zafi ne, don ta ga hawaye. Ya girgiza kai, ya ce, "Ashe haka Allah Ya yi duniya, na manta."

Bayan mako shida aka yi na hagun. Ya zauna a gida wata uku cur, yana ganin Hilux tana wucewa ta bakin layinsu da wani a ciki. Ba wanda ya aiko masa daga shago.

Ranar da likita ta ba shi takardar cewa zai iya tuƙi, ya kai wa Alhaji don kawai ya gani. Alhaji ya sa tabarau ya karanta har ƙasa. Sannan ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko makulli ya miƙa masa. Ya ce direbobi da yawa sun yi masa aiki, wasu ya kama su da laifi, wasu hatsari ya tona su, amma mutum ɗaya ne ya taɓa kawo masa makulli da ƙafarsa tun ba a tambaye shi ba. Ya ce wanda ya riƙe motar dama aro aka ba shi.

Aka sauke doguwar sandar daga rufi. Mahamadou ya kafa masa ƙanana biyu masu ruwan ɗorawa a ƙasan bamba, da biyu masu baza haske gefe, duk ya karkatar da su suna kallon ƙasa, ya yi musu makunni dabam don a kashe su da an hau kwalta.

Fitarsa ta farko, gari ya waye masa a kan wani tudu kafin gonakin. Ya bi wurin ya fi sau dubu. Ranar sai ya ga rana tana ratsowa ta tsakanin dogayen bishiyoyi, hazo yana tashi daga kwari kamar ana ɗaga mayafi. Ya ga raɓa a kan kowane zaren gizo-gizo a bakin hanya. Can sama, a jikin reshe, ya hango kwanson goro kore, da wani ɗan tsuntsu ja a kansa. Ya kashe mota ya fito ya tsaya.

Ranar bai iso Agege ba sai bayan la'asar, ya makara da kusan awa guda. Alhaji ya tare shi a bakin shago, ya tambaya ko mota ce ta ba shi matsala, ko idon ne.

Hashimu ya ce, "Ko ɗaya, Alhaji. Tsayawa na yi ina kallo."

Alhaji ya dube shi, ya dubi masu sauke kaya, ya ce to gobe ya riƙa fita da wuri, don ya samu lokacin kallon.

Darasi: Ba kowane duhu ne ake magance shi da ƙarin fitila ba. Wani duhun a jikinmu yake, girman kai ne ke sa mu ɗora laifin a kan hanya, har mu jefa rayukan wasu cikin hatsari don kare sunanmu. Wanda ya faɗa maka gaskiya a ɓoye, ya rufa maka asiri a bainar jama'a, ya kuma haƙura da cinikinsa don lafiyarka, ka riƙe shi da kyau. Faɗin gaskiya a kan rauninka ba ya rage maka daraja a wurin mutanen kirki. Kuma gani ni'ima ce da ba mu cika gode wa Allah a kanta ba. Idan akwai direba a gidanku, ko dattijon da ya soma cewa fitilun yanzu ba su da haske, ku tura masa wannan labari, sannan ku raka shi a duba masa ido.